Shekarar da Kawu Ya Sassauta Kalangu

A wani biki a Agiye na ga samari da 'yan mata sun riƙe juna suna lilo a hankali gaban lasifika. Jikata ta ce, "Kaka, ku a zamaninku ba ku san rawa mai sanyi ba." Na yi dariya, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Makaɗin kalangu ne a dandalinmu na Gazawa. Ba ya kallon fuskar mai rawa, ƙafa yake kallo. Shekarar babban fari, 'ya'yan anza na daji muke ci, ɗacinta na wuni a bakinmu. Samari na shirin tafiya ci-rani, manya suka ce a rufe dandali. Kawu ya ƙi. Ya ce, "In saurayi ya tafi bai ɗora wa yarinya adikon kamu, alamar yana son ta, ba, me zai dawo da shi gida?"

Da la'asar muka fito. Ina shiga fili jiri ya ɗebe ni, na kasa bin kiɗa. Kawu ya gani. Ya sassauta kalangu a hammata, ya ja kiɗan a hankali har ƙafata ta iya binsa. Ban faɗi ba. Wani saurayi ya tako, ko yatsana bai taɓa ba, ya ɗora adikonsa a kafaɗata. Shi ne kakan jikar nan tawa, kuma ya dawo daga ci-rani kafin shuka.

Mu muka fara rawa mai sanyi, ciki ba komai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sassauta masa yadda ya sassauta mana.