Kawu Bai Ga Teku Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai gyaran keke ne. Rumfarsa ƴar ƙarama ce a bakin titi, da benci mai ƙafa uku da rabi, da kwanon ruwan da yake tsoma tif a ciki don ya ga inda iska ke fita. Tun ina yaro yake cewa wata rana zai hau kekensa shi kaɗai har teku. Mu dai dariya muke yi, don a lokacin ko bayan gari ba mu taɓa ganin ya wuce ba.

Sai da furfura ta gama cin kansa likita ya ce masa yana da hawan jinin ido. Ganinsa zai riƙa tsukewa daga gefe har ya rufe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Daga asibiti ko gida bai biya ba, rumfa ya wuce ya juya keken nan ƙafafu sama ya fara shafa masa mai.

Ni direban babbar mota ne, tekun nan na gan shi har ya gundure ni. Na ce, "Kawu, ka bari in ɗauke ka mana, kana zaune a gaba kamar mai mota."

Ya ce, "Kai yaro, wanda aka ɗauka aka kai ai kaya ne, ba matafiyi ba."

Mahaifiyata ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce taurin kai ne zai kashe yayanta. Shi kuwa ya ɗaure tabarma da gorar ruwa a kariyar bayan keke, ya cika wata jaka da faci da sholisho da wayoyin ƙafa da guntun sarƙa, ya kama hanya.

Kullum in rana ta take ya sami inuwa sai ya kira ni. Rabin hirar ƙorafi ne: iska na tura shi baya kamar tana jin haushinsa, sirdi ya saɓe masa mazaunai, karnukan wani ƙauye sun yi masa rakiyar da bai roƙa ba. Mu direbobi kuwa cewa ya yi duk ba mu da tarbiyya. Amma akwai ranar da muryarsa ta koma ta saurayi. Ya sha wuyar hawan wani tudu tun safe, da ya kai sama ya saki feda, keke ya yi ta gangarawa da shi. Ya ce, "Ɗan nan, ashe haka duniya take da faɗi? Ina rumfa ban sani ba."

Matsalar Kawu ita ce hali zanen dutse. Ba ya iya wuce keken da ya lalace. Ya ga manomi na tura keke, ya tsaya ya yi masa faci. Ya ga mai tallan ruwa da ƙafar keke a karkace, ya kwance jakarsa ya ɗaura masa sababbin wayoyi. Na yi masa magana har na gaji. Na ce, "Kawu, tafiya ka fito ko rumfa ka buɗe a kan hanya? Idonka fa ba ya jiran kowa." Ya ce shi dai in ya ji ƙarar sarƙa marar mai, kamar kukan jariri yake jin ta. Haka ya yi ta rabon kayansa da kwanakinsa, tafiyar da ya kamata ta ƙare cikin wata guda ta doshi uku.

Ya kusa. Ya ce mini iskar ma ta canza ɗanɗano. Washegari wani rami da ke gefen kwalta, wanda idonsa na da zai hango tun daga nesa, ya karɓe shi. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, wayoyi suka tsinke. Da hannu ɗaya ya lalubi jakarsa, babu ko waya ɗaya, ta ƙarshe tana jikin keken mai tallan ruwa. Sai daga baya ya gane ƙugunsa ma ya karye.

Ni na je na ɗauko shi, kwance a kan buhuna a bayan motata, kekensa a gefensa. Mutane na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai na duba ƙasan nan sosai, kuma har yau ina jin haushi.

Kafin ƙugu ya warke, idon ya rufe. Yanzu yana zama a rumfar, yana daidaita ƙafar keke da yatsu da kunne. Keken tafiyar na rataye a bango, ya hana kowa ya gyara shi.

Kwanan baya na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, gobe lodina na bakin teku ne. Zo mu je, ko ƙararsa ka ji."

Ya ci gaba da juya ƙafar keken da ke hannunsa. Can ya ce, "Bar shi kawai. Kai da ka gan shi, gaya mini yadda yake."

Duk zuwan da nake yi, a layin sauke kaya nake tsayawa, ban taɓa juyawa na kalle shi da kyau ba.

Na ce, "Ruwa ne, Kawu. Mai yawa."

Ya ce, "To," ya miƙo hannu in ba shi sifana.