Tsohuwar Ƙullu a Cikin Ƙanƙara

Mai ɗakina shekara ashirin da wani abu tana suyar waina a ƙofar gidanmu a Kazaure, kuma ba ta taɓa sayen yis a kanti ba. Kullum idan ta gama suya takan rage ludayi biyu na ƙullu a wata 'yar roba mai murfi. Da shi za ta haɗa ƙullun gobe, shi zai sa ya tashi. Wannan ragowar ita take kira tsohuwa. Daga Roni ta zo da ita cikin kayan aurenta, uwarta ce ta ɗibar mata daga tata.

Ni ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Idan ta ce, "Bari in ba tsohuwa abinci," sai in ce, "To mu da muke da rai fa?" Sai ta ce, "Ita ma da ranta, Maigida. Ta ma fi ka haƙuri."

Aji biyu na yi a sakandare na bari. Abin da na sani shi ne, mai rai yana da baki da ido. Ƙullu kuwa ƙullu ne.

Da ciwo ya ci ƙarfinta aka ce sai Kano, tana kwance a bayan mota ta kira ni. Na ɗauka wasiyya za ta yi a kan yara. Sai ta ce in kai tsohuwa wurin Malam mai ƙanƙara, ya sa mata a firiza kafin ta dawo.

Na ce, "Ke, ana ta kanki kina ta ƙullu? Ai sanyi zai kashe ta."

Ta ce, "Barci kawai za ta yi. Ka kai."

Na kai ina ƙunƙuni. Malam ɗin maƙwabcinmu ne, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya ya sayi firiza mai sola yana sayar da ƙanƙara. Mutumin kirki, amma in ya fara bayani sai ka ga kamar alli ne a hannunsa. Ya karɓi robar ya ce a cikinta akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani. Wai in sanyi ya taho sukan tara wani irin sukari a jikinsu don kada ƙanƙara ta fasa su, su daina ci, su daina haihuwa, su yi lamo. Wai akwai danginsu da ke zaune a ƙasashen da ƙanƙara ba ta narkewa. Na ce, "Malam, matata na mota." Na tafi.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti. Gawarta muka dawo da ita.

Wata bakwai ban waiwayi robar ba. Duk sanda muka fito daga masallaci Malam zai ce, "Mutumina, ajiyarka tana nan fa." In ce masa ta zauna. Tandar tana jingine a bayan ɗaki, kaji na hawa.

Sai 'yata ta fari, wadda ke aure a Babura, ta bugo waya. Ta ce tana so ta fara waina a can, ko tsohuwar Inna tana nan? Na ce tana nan. Ta ce za ta zo ranar Juma'a. Gaskiya tun rasuwar ban ji wani abu ya motsa a ƙirjina ba sai ranar. Kayan sawarta an raba, gadonta an ba ƙanwarta. Abin da ya rage nata wanda aka ce yana da rai, wannan robar ce kaɗai.

Ranar Alhamis da hantsi na je karɓa. Malam ya tono ta daga ƙarƙashin ƙullin ƙanƙara, ta yi fari fat, kamar dutse. Ya ce, "To ka ji yadda za ka yi. Da farko dai..."

Na ce, "Malam, shekara ashirin ina kallon ana yi a gidana. Ba sai an sa ni a aji ba."

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗalibi mai taurin kai."

A gida na ɓamɓare murfin na ajiye a kan turmi. Na tsaya ina kallon dunƙulen. Wallahi tausayi ya ba ni. Wata bakwai cikin wannan azabar. Na tuna lokacin sanyi mai ɗakina takan haɗa ƙullu da ruwan ɗumi don ya yi saurin tashi. Sai na yi lissafi irin nawa: in sanyin dare ɗaya na son ruwan ɗumi, sanyin wata bakwai ai sai tafasasshe. Na hura wuta da kaina, ruwa ya tafasa, na juye dunƙulen a kwano na kwarara masa. Ya narke nan da nan, ya yi kauri. Har na ji daɗi. Na rufe na kai ɗaki.

Da la'asar ina share tsakar gida don kada yarinya ta zo ta ga ƙazanta, sai na ga murfin nan a kan turmi. Ɗan ƙullun da ya manne a jikinsa ya narke, ya yi wata kumfa ƙanana-ƙanana, yana wari mai tsami. Na ce wannan ya lalace. Na sa sabulu na wanke shi tas har da robar, na kife a rana.

Da 'yata ta iso ranar Juma'a, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Baba, ina take?" Na ɗauko kwanon da alfahari. Ta buɗe, ta sa yatsa, ta shinshina.

"Baba, me ka zuba mata?"

Na faɗa.

Ta ce, "Baba, ai koko ka dama."

Duk da haka ta jiƙa shinkafa, aka markaɗo, ta haɗa, ta rufe. Washegari ƙullun yana kwance yadda ta bar shi. Ya ɗan yi tsami, amma bai tashi ba. Muka je wurin Malam, ita a gaba ni a baya. Ya ce da na bar ta a inuwa ta narke da kanta, da ta farka. Sai ya tambaya ko akwai ɗan abin da ruwan zafin bai taɓa ba, ko a jikin roba, ko a murfi. Ko ɗigo ɗaya ya isa, in ji shi.

Na ce masa akwai wata kumfa a murfi, na wanke.

Malam ya cire tabaransa. Ya ce, "Wannan kumfar numfashinta ne. Ta farka ke nan."

Babu wanda ya zage ni. Da ma sun zaga. Yarinyar ta ce, "Ba komai, Baba, haka Allah ya so," ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta koma Babura da tandar uwarta, ta tsaya a kanti ta sayi yis na leda. Na ji ana sayen wainarta sosai. Rannan ta aiko min da ita a kwano. Ta yi kyau, ta tashi, ba abin da za ka kushe. Na ci guda ɗaya na miƙa wa maƙwabta sauran.

Robar tana nan a kan taga, da murfinta, a wanke. Gishiri nake zubawa a ciki.