Kyamarar Gidan Inna Tambaya

Tukur direba ne a tashar Gusau, kuma duk wanda ya saba bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ya san jar motarsa mai tsagaggen gilashin gaba. Siririn mutum ne, marar yawan magana, ba ya sa-in-sa da fasinja ko da an ɓata masa rai. An haife shi a wani ɗan ƙauye bayan Bilbis, inda mahaifinsa ya yi noman dawa da auduga har ya koma ga Allah. Tukur bai gaji fartanya ba. Tun yana saurayi ya bi motocin da ke zuwa ɗaukar hatsi ranar kasuwa, ya koyi tuƙi a hannun masu su, daga baya ya auri Salma, 'yar Rawayya ta ƙasar Bungudu, suka kama haya a Gusau. Gonar gado ya bar ta a hannun Adamu, maƙwabcinsu kuma abokinsa tun suna yara, yana nomawa ana raba amfani da kaka.

Abin da ya kasa ɗaukowa daga ƙauye shi ne mahaifiyarsa, Inna Tambaya. Tsohuwa ce mai ƙarfin hali, tana zaune ita kaɗai da awakinta da rumbunta. Ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Direba. Sa'ad da mutanen daji suka fara tare hanyoyi suna shiga ƙauyuka, ya yi roƙon duniya ta biyo shi birni.

"Nan aka kawo ni amarya, Direba," in ji ta, "nan kuma za a hidda ni."

A shekarar da dangin Salma suka baro Rawayya da tabarmi da tukwane suka cika masa tsakar gida, Tukur ya daina samun natsuwa. Wayar Inna kullum a kashe take, ko ba caji, ko ta mance ta cikin kwano. In ya kira bai samu ba, sai ya wuni yana tuƙi zuciyarsa tana can.

Akwai wani abokin cinikinsa a kasuwa, Emmanuel, mai shagon kayan sola da fitilu. Iyayensa mutanen Zuru ne, amma a Gusau aka haife shi, kuma Tukur ne ke ɗauko masa kaya daga Funtuwa. Wata rana Tukur ya tarar da shi yana kallon waya yana murmushi. Emmanuel ya juyo masa da ita, sai ga ƙofar gidan Emmanuel ɗin, matarsa tana shanya, a daidai wannan lokacin.

"Kyamara ce, Malam Tukur. Ba ta da wayar da za a ja. Ka ba ta wuta, ka ba ta waifai, ko kana Legas kana ganin gidanka."

Tukur ya daɗe riƙe da wayar. Sannan ya ce, "Za ta yi a ƙauye?"

"In akwai sabis, ko kaɗan ne."

Suka tafi wata Laraba da hantsi, lokacin da motoci suka yi yawa a hanya, don ba mai son ya zama na farko ko na ƙarshe. Inna ta tarbe su da fura. Emmanuel ya yi ta zagaya gidan da waya a sama yana neman inda sabis ya fi kamawa, har ya same shi a kan rufin zaure. Nan ya kafa farantin sola, ya saukar da waya zuwa batir, ya sa layi a cikin 'yar na'urar waifai mai kamar sabulun wanka, ya rufe ta cikin robar fenti don kada ruwa ya taɓa ta. Ita kyamarar ya ɗaure ta a ƙarƙashin indararo, yadda za ta riƙa ganin tsakar gida da bakin ƙofa gaba ɗaya. Adamu ne ya kawo tsani, shi ne kuma ya riƙe shi.

Haɗa ta da wayar Tukur ya ɗan ba su wuya. Wata 'yar jar fitila ta yi ta ƙiftawa a goshinta, muryar mace ta yi ta maimaita magana ɗaya da Turanci. Emmanuel ya kashe ya kunna, ya sake rubuta lambar sirri, ya kanga fuskar wayar a gaban idon kyamarar. Can sai ta yi ƙara, fitilar ta koma shuɗiya, tsakar gida ta bayyana a tafin hannun Tukur, har da shi kansa a tsaye yana duban ƙasa.

Kafin su gama, ƙofar gida ta cika da mutane. Emmanuel ya dube su, ya ɗauko baƙin salatif ya liƙe fitilar. Ya rage murya ya ce, "Da na san za a taru haka, da na ce mu yi shi a hankali. Kada ka ba kowa lambar nan."

Inna ta ɗaga kai ta ƙare wa abin kallo. "Wanga abu, ko alwala nika yi yana kallona?"

"Ni kaɗai ke gani, Inna."

"Kai kaɗai ka sani," ta ce, ta koma wajen awakinta.

Makonnin farko Tukur ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Yana ganin ta tana shara, tana ba awaki dusa, tana gyangyaɗi a gindin dogonyaro. Yakan danna ya gaishe ta, muryarsa ta fito daga bango, ita kuma ta amsa ba tare da ta waiga ba. Amma abin bai tsaya nan ba. Wayar tana ƙara duk sa'ad da wani abu ya gifta, ko kaza ce ko inuwar reshe, kuma kowace ƙara sai gabansa ya faɗi. Ya koma cin abinci da waya a jingine da kwano. Sau ɗaya ya kusa faɗawa rami kafin Tsafe saboda duba ta, har wata fasinja ta ce a sauke ta. Salma ta ce masa da can tsoro na zuwar masa yana tafiya, yanzu ya saya ya sa a aljihu.

Ranar da abin ya faru, yana tasha bayan azahar yana jiran mota ta cika. Wayar ta yi ƙara. Ya duba, sai ya ga Adamu ya shigo zaure da waɗansu mutum biyu da bai sani ba. Ɗaya ya naɗe fuska da rawani, ɗayan yana sanye da doguwar rigar sanyi duk da zafin da ake yi, kuma hannunsa na dama bai fito daga cikinta ba. Ba su yi sallama ba. Suka dubi garken awaki, suka dubi rumbu. Mai rawanin ya yi wa Adamu magana, Adamu ya ɗaga hannu ya nuna ƙarƙashin indararo.

Mutumin ya tako har ya tsaya daidai ƙasan kyamarar, ya ɗaga kai. Tukur ya ga idanunsa sarai, jajaye, ba gaggawa a cikinsu. Yatsansa na kan wurin da ake dannawa a yi magana, amma bai danna ba, don bai san abin da muryarsa za ta jawo ba. Sai ga Inna ta fito daga ɗaki da kwanon sha, ta miƙa wa baƙin ruwa. Mai rawanin ya karɓa ya sha, ya mayar mata, suka fita.

Kamasho yana ta kiran Tukur cewa mota ta cika. Tukur ya ce a ba direban da ke bayansa lodin.

Ya kira Adamu. Adamu ya ce masu sayen awaki ne, ya kashe. Sai bayan la'asar Adamu ya kira da kansa, daga wani wuri mai iska, kamar gona.

"Tukur, ka jawo muna magana. Sun ji labarin abin da ka liƙa. Sun ce idon soja ne, kai ka ba da rahoton inda suka bi."

"Kai ka kai su gidan."

"In ban kai su ba, wani za ya kai su, sannan su dawo kaina. Kai kana birni. Mu muna nan."

"Gobe da sahe ina zuwa in ɗauki Inna."

"Kada ka zo. Motarka suka tambaya, da launinta. Kai suka jira."

Tukur ya je shagon Emmanuel ya nuna masa hoton, don kyamarar tana ajiye abin da ta gani. Emmanuel ya kalla sau biyu, ya ce a kai wa hukuma. Tukur ya girgiza kai. In aka kai, kuma magana ta fita, Inna ce a can. Emmanuel ya ce ya yi nadamar hawa rufin nan. Tukur ya ce shi ya roƙe shi.

Salma ce ta kawo shawara. Jibi kasuwa na ci, motocin hatsi za su fito zuwa Tsafe. A gaya wa Inna cewa jikanta na kwance ba lafiya yana kiranta, Adamu ya sa ta a mota kamar mai zuwa dubiya. Tukur ya ce, "Adamun da ya nuna masu?" Salma ta ce, "Kana da wani a can?" Ba shi da wani.

Ya yi wa Inna maganar ta bango, da muryar da ya yi ƙoƙarin daidaitawa. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana saurare.

"Direba, yaron lahiya tai. Na san mutanen da na ba ruwa." Ta jingine tsintsiyar. "Zan taho. Ba don kaina ba, don kada ka zo."

Ranar kasuwa ya bar jar motar a gida, ya shiga ta wani zuwa Tsafe, ya zauna a rumfar mai shayi kusa da inda motocin ƙauye ke sauke kaya. A waya ya ga Inna ta fito da ƙunshi ɗaya a ka. Ta zuba wa awaki dusa mai yawa, ta cika masu kwatarniya da ruwa, ta ja ƙofar ɗaki ta sa kwaɗo. Adamu na tsaye a zaure yana waige-waige. Suka fita, tsakar gida ta zama ba kowa.

Daga nan babu abin da kyamara za ta nuna masa. Motoci suka yi ta isowa ɗauke da buhuna da mutane a sama, yana leƙa kowace. Wani direba ya ce an ga babura a bakin rafi, wani ya ce ƙarya ne. Shayin da aka zuba masa ya huce bai taɓa ba. Rana ta karkata sosai kafin wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya, ya hango ta a gaba kusa da direba, ƙunshinta a cinya. Taya ce ta fashe masu. Da ya kama hannunta zai sauke ta, ta ce ya bari, ƙafafunta na aiki.

Ba a yi mako ba, da rana tsaka, wayar ta yi ƙara. Mutane da yawa ne a tsakar gidan, wannan karon bindigoginsu a fili. Suka kora awakin waje, suka fasa rumbu suna ɗura dawa a buhuna. Adamu na jingine da bango, hannuwansa a sake, ba ya taimaka masu, ba kuma wanda ya taɓa shi. Wani ya jawo turmi ya taka. Fuskarsa ta cika wayar, har Tukur na jin numfashinsa, sannan hoton ya ɗauke. Bai nuna wa Inna ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Tun daga ranar nan layin Adamu bai sake shiga ba. Waɗansu 'yan garin da suka gudo sun ce ya kwashe iyalinsa ya yi Zariya. Waɗansu sun ce an gan shi a bayan babur ana shiga daji da shi, amma ba su san ko a ɗaure yake ba. Tukur bai yanke masa hukunci ba, kuma ba ya son a tayar da zancen.

Ya sake wa motar fenti, ya bar hanyar Tsafe ya koma ta Bungudu zuwa Mafara. Inna ta zauna a ɗakin da aka ware mata, tana tsinke zogale tana faɗa da jikoki, ba ta fita sai in an yi rasuwa a unguwa. Har damina ta wuce ba abin da ya faru, Tukur ya fara cin abinci ba waya a gabansa.

Sai wata safiya ya ɗauki wani fasinja a kujerar gaba, matashi mai tsabta, ba kaya a hannunsa. Suka wuce Bungudu. A wani wuri da babu gida babu mararraba, sai gonakin da aka girbe, ya ce a sauke shi. Ya fita ya rufe ƙofa a hankali, sannan ya sunkuyo ta taga.

"Kai ne Tukur na Inna Tambaya ko? Fentin ya yi kyau. A gaida tsohuwa."

Tukur ya kai sauran fasinjojin Mafara, ya juyo ba tare da ya jira lodi ba. A makon nan ya sayar da motar ya sayi keken haya mai ƙafa uku. Yanzu a cikin Gusau yake aiki, daga kasuwa zuwa Tudun Wada, kuma in fasinja ya ambaci wata unguwa ta bakin gari, sai ya ce ba can ya nufa ba.