Malam Danna Nan

Wata rana ina zaune a laburaren wata kwaleji, na fake da karatu alhali fankarsu nake sha, sai ga wata baiwar Allah ta shigo da sandarta. Ba ta gani. Barira sunanta, ɗalibar ajin ƙarshe.

Ta tsaya gaban teburin ma'aikacin wurin, Malam Lawwali, ta yi sallama.

"Don Allah Malam Danna Nan nake nema."

Ya ce ba su da mai wannan suna.

"Kuna da shi, Malam. Tun makon jiya shi kaɗai ke yi mini magana."

Ta ciro wayarta, irin mai karanta wa mutum abin da ke rubuce da murya. Ta buɗe shafin intanet na laburaren, inda ake nuna wa ɗalibai yadda za su nemo littattafai. Wayar ta fara:

"Danna nan. Danna nan. Danna nan."

Jama'a, na so in danne dariya, ta ƙi dannuwa!

Amma ita ba wasa ya kawo ta ba. Malamin da ke duba aikinta na kammala makaranta ya ce ta kawo babi na biyu ran Alhamis, in ba haka ba sai baɗi. Littattafan da take buƙata suna cikin shafin. Matsalar ita ce wayar tana bin wuraren dannawa ne tana faɗin sunan kowanne, su kuwa duk sunansu ɗaya.

Malam Lawwali ya sosa ƙeya, don shi ya rubuta shafin da hannunsa.

"Ai ga hoton littafi nan a gefen kowanne," in ji shi.

"Malam, ni hoton nan ko gaishe ni bai yi ba."

Wallahi mutumin nan ya burge ni. Bai hau dokin zuciya ba. Kujera ya jawo mata, ya buɗe kwamfuta, ya ce, "Zauna, 'yata. Ki sa wayar ta karanta, ni kuma ina gyarawa."

Wannan ya koma "Littattafan tarihi". Wancan ya koma "Yadda ake aron littafi". Kowane hoto aka sa masa bayani. Doguwar maraba da ke saman shafin, mai tarihin ginin da sunayen shugabanni, aka tura ta can ƙasa.

Da wayar ta ce "Ayyukan tsofaffin ɗalibai", Barira ta tafa hannu. "Shi ne! Shi nake nema!"

Ta kai babinta tun ran Laraba.

Bayan an gama jarrabawa na sake zuwa shan fanka. Sai ga Barira da kular abinci a rufe, ta dire wa Malam Lawwali a kan tebur. Ƙamshi ya cika wurin.

Ya ce, "Ikon Allah! Me ke ciki?"

Ta laluba murfin, ta nuna masa da yatsa.

"Malam, danna nan."

Dambun nama ne. Ni ma na samu.

Darasi: In za ka rubuta wa jama'a jagora, kira kowane abu da sunansa. Wani da ido zai karanta, wani da kunne, kuma kowa buƙata ce ta kawo shi.

Tura wa wannan abokin naka mai kula da shafin ofishinsu, ka san shi ai. Wataƙila akwai wata Barira tana jiran sa.