Ranar da Aka Buɗe wa Ƙudan Zuma Ƙofa

Shekara ashirin da biyu Gwaggona ta yi a gonar gwajin iri, sashen kokwamba. A takarda lebura ce. A wurin aiki Mai Zare ake kiranta, don kullum da ƙullin jan zare a wuyan hannunta. Da sassafe takan tsinko furen namiji, ta goga garinsa a kan furen mace, ta ɗaure bakin furen don kada ƙwaro ya kawo garin wata shukar. Ta haka ake sanin uban kowace kokwamba.

Ita ta lura da wata shuka mai fitar da furen mace a kowace gaɓa, 'ya'ya har suna karya sanda. Ta haɗa ta da wani iri mai jure zafi. 'Ya'yan farko duk suka zo da yawan haihuwa. Jikoki kuwa suka watse: wannan ya gado uwa, wancan uba, wani sai ganye kawai.

"Haka gado yake," in ji ta. "Dubi ni da ubanki. Ciki ɗaya, shi kamar falwaya, ni kamar turmi."

Zuriya takwas tana tuge ragwaye tana barin nagari, har irin ya daina watsewa. Aka ware masa rumfar raga shi kaɗai, inda ƙwaro ba ya shiga, ta huta da ɗaurin zare.

Sai aka kawo sabon manaja, mai takalmin da bai san laka ba. Manyan baƙi za su zo, ya sa aka shuka har ragowar irin da ke ɗakin sanyi don rumfar ta cika ido. Ranar da baƙin suka zo, Gwaggo na asibiti da mijinta. Baƙi suka ce zafi, manaja ya sa aka naɗe ragar gefe. Aka yi hotuna aka watse, ba wanda ya sauke ta. Kwana uku! Ga filin wata kokwambar daji mai ɗaci can gefe, wadda ake gwajin cuta da ita.

Gwaggo ta dawo ta tarar da ƙudan zuma na shagali. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, a tsinke duk abin da ya ƙulla a zubar. A rufe raga, mu jira sabon fure."

"Mama, na riga na faɗa wa na sama ranar da iri zai fita. Ƙudan zuma nawa ne ma?"

"Ɗaya ya isa."

"Da takardar wace makaranta za ki koya mini aikina?"

Aka girbe irin, aka raba wa manoma. Da kaka ta zagayo, kokwamba ta fito a karkace, jefi-jefi, ga ɗaci kamar maɗaciya. Manoma suka cika ƙofar gonar da zagi. Manaja ya zauna ya rubuta rahoto: sakacin lebura ne, ba ta ɗaure furanni ba. Waɗanda suka naɗe ragar da hannunsu suka yi gum, kowa na tsoron abincinsa.

Ranar da aka miƙa mata takardar sallama, ta shiga ofishinsa da kokwamba ɗaya, ta yanka a kan teburinsa a gaban akawu da direba.

"Ci. 'Yarka ce."

Ya hau kiran mai gadi.

"Ba sai an fitar da ni ba. Na san hanya tun kana rarrafe."

Abin da ke ci mini rai har yau, bayan shekara biyu aka yi masa ƙarin girma. Gwaggo kuwa shara take yi a wata makaranta, da hannun nan da ke taɓa fure bai karye ba. Na sha ce mata mu kai ƙara. Sai ta harare ni.

"Alƙali zai dawo mini da zuriya takwas? Miƙo mini tsintsiya, 'yar nan, na makara."