Ina Zuwa

Kawuna kafinta ne, kuma a layinsu ba wanda ya san shi da wani suna sai Ashana, don ƙyastawa ɗaya ya kama. Ƙusa ta lanƙwashe, faɗa. An matsar masa da zarto, faɗa. Wanda ya gaishe shi yana cikin awo kuwa ya shiga uku. Aikinsa ba a magana, ƙofar da ya kafa ba ta kuka. Ni dai ba zan ɓoye ba, tsoronsa na tashi da shi, ba ƙaunarsa ba.

Abin da ya karya shi 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi. Wata rana ya dawo gida tana dariya da uwarta. Tana jin takunsa ta haɗiye dariyar, ta shige ɗaki sumsum. Shekararta ashirin da biyu lokacin, kuma ya kasa tuna ranar da ta taɓa zama kusa da shi don ranta ya so.

Sai ya yi wa kansa dabara. Da ya ji zuciya ta taso, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ina zuwa," ya zagaya bayan shago ya zauna kan tulin katako har ya huce. Sharaɗinsa ɗaya, kada kowa ya bi shi. Ya sha wuya, wani yinin sau biyar yake fita. Amma cikin shekara biyu 'yar ta fara kawo masa abincin rana da kanta, har ta zauna kan benci tana tsokanarsa da furfura.

Wata Laraba ta kawo abincin tana zaune, ni ma ina wurin, guduma ta suɓuce masa. Gumi ya keto masa. Ya dafa teburin aiki ya ce, "Ina zuwa."

Na miƙe, ta riƙe mini hannu.

"Ƙyale shi, Yaya. Baba ba ya son a bi shi, yanzu zai dawo."

Muka ci gaba da hira. Sai da abincin ya yi sanyi muka leƙa. Yana kwance gefen katako, hannunsa dafe da ƙirji, rai ya yi halinsa. Likita ya ce ciwon zuciya ne, da an kawo shi da wuri, wataƙila.

Har yau tambaya ɗaya take yi mini: "Yaya, ran nan me na faɗa da ya ɓata masa rai?" Na sha gaya mata ba fushi ya fitar da shi ba, ta ƙi yarda.