Tatsuniyar La'asar Saboda Yaya Amina

A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda, inda aka haife ni, ba a taɓa yin tatsuniya cikin duhu ba tun da na yi wayo. Wannan kuwa ya saɓa wa abin da kowane Bahaushe ya sani, domin iyayenmu sun taho da al'adunsu daga Sudan ba su yar da kome a hanya ba, kuma a cikinsu akwai cewa duk wanda ya saurari tatsuniya rana tana sama, zai ɓata a kasuwa ya kasa gane hanyar gida. Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Habboba yadda ake kiran kakanni mata a can, ita ce ta karya wannan doka, kuma saboda mutum ɗaya ta karya ta: yayata Amina.

Yaya Amina ta girme ni da shekara huɗu. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun bakinta bai gama buɗewa ba, saboda haka ta tashi ba ta ji, ba ta kuma furta magana. An ba ni labari cewa da farko bayan lisha'i ake zama, ita ma ta zo ta raɓa, ba ta ganin bakin kowa, har ta gaji ta kwanta. Ran nan Habboba ta tsaya a tsakiyar labari ta ce halas, wato shi ke nan, daga gobe bayan la'asar za a riƙa yi.

Mahaifiyarmu ba ta daina ƙorafi a kan wannan ba har na girma na ji da kunnena.

"Hajiya, za ki ɓatar mini da 'ya'ya a kasuwa."

"Ni da na ƙetare Bahar Maliya ban ɓata ba?" in ji Habboba. "In sun ɓata a zo a gaya mini, in ɗauki sandata in nemo su. Wannan yarinya kuwa a tsakar gidanki ta ɓata, ban ga wanda ya tashi nemanta ba."

A kan soro ake zaman, lokacin da iskar teku ta fara rage zafin gari. Habboba takan hura gawayi a kasko ta soya gahawa, ta daka ta da citta, ta ɗora jabana, ɗan tulun dafa gahawa, sa'an nan ta juya ta fuskanci yamma don rana ta sauka a fuskarta. Ta janye mayafi daga bakinta, ta naɗe hannun riga. Yaya Amina ke zama a gabanta, gwiwa da gwiwa, mu saura a gefe. Kowace kalma da ta fito daga bakin tsohuwar, hannunta na biye da ita da wata alama da su biyu suka ƙirƙira tsakaninsu, mu kuma muka koya da kallo. In na matso kusa sai ta ture ni da ƙafa.

"Maigidana, matsa can, ka tare wa yarinya haske. Wannan miji nawa sai baki, kamar rediyon mai shayi."

In za ta fara tatsuniya sai ta taɓa gwiwar Yaya sau biyu ta ce, "Ga baƙuwa ta iso, ku ba ta wuri." Mu amsa, "Ta shigo mu gan ta."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wata kurma mai ginin tukwane. A wani gari ne a bakin kogi. Wata rana tana haƙar yumɓu sai ta ga tururuwa suna kwashe ƙwayayensu suna hawa tudu, ta duba ramukan ƙadangaru ta ga duk an bar su, ta gane babban ruwa na tafe. Ta nufi gidan mai gari. Maƙwabcinta, mutum mai fasahar zance wanda ke ƙaunarta ƙwarai, ya bi ta don ya zama bakinta. Ta durƙusa ta yi ta nuni da ƙasa, da sama, da tudu. Maƙwabcin ya ga fadawa sun fara murmushi, ya ji mata kunya, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwa ta kawo, tana kuma roƙon a taimaka mata da hatsi." Aka ba ta damin gero. Kashegari ta koma, aka ƙara mata. Sau bakwai tana zuwa, sau bakwai ana yi mata kyauta ana sa mata albarka. Da ta ga ba wanda zai tambaye ta, sai ta kwashe geron ta kai kan tudu ta zuba a manyan randunanta. Ruwa ya zo ya cinye gari, mutane suka tsira da rayukansu kawai, kuma geron nan ne ya riƙe su har ƙasa ta bushe. Mai gari ya ce mata, "Kin sani, me ya hana ki faɗa?" Ba ta yi kome ba sai ta juya ta dubi maƙwabcinta.

A nan Habboba ke tsayawa ta tsiyaya gahawa. Na taɓa tambayarta ko an kashe mutumin.

"A kashe shi a kan me? Ai ba mugu ba ne. Gani ya yi ya fi ta iya magana, kuma ya fi ta ɗin. Tashi ka kai wa ubanka finjalinsa."

Na girma ina ɗaukar cewa darasin shi ne kada a raina mai naƙasa, domin ya san abin da ba mu sani ba. Na kuma ɗauka na riƙe shi fiye da kowa. Bayan rasuwar Habboba ni na zama bakin Yaya Amina: a asibiti, a wurin sabunta iƙama, wato takardar zama ƙasa, a ranar ɗaurin aurenta, da ranar da mijinta ya rasu ta dawo wurina a unguwar Mahjar. Ban taɓa barin a wulaƙanta ta a gabana ba, kuma ina alfahari da haka.

Bara jikata Jumana, wadda ke karatun shirya fim, ta zo da buƙata. Tana haɗa abin da suke kira wasa'iƙi, wato fim na mutanen gaske ba wasan kwaikwayo ba, a kan kuramen matan Jidda: akwai Bayamaniya, akwai Bahabashiya, akwai 'yar asalin Hijaz, tana so Yaya ta zama ta huɗu. Yaya ta yi murna irin wadda na daɗe ban gani ba. Kwana uku tana zaɓen mayafi. Ranar ɗauka, da hantsi, Jumana ta zo da wata malama gwanar maganar hannu irin wadda ake koyarwa a makarantu. Ba su wuce gaisuwa ba aka tsaya, domin alamun Yaya na Habboba ne, kuma a duniya yau ni kaɗai na rage mai gane su. Na sa jallabiyata da rawani na zauna kusa da ita.

Jumana ta yi tambayar farko a kan ƙuruciya. Yaya ta ɗaga hannu, ni kuma na shiga bayani da Hausa mai kyau, yadda ya kamata a ji daga gidan mutunci. Sai na ga an kashe na'urar ɗaukar hoto.

"Sidi, wallahi kalamka hilu," in ji Jumana, wadda Hausarta rabi Larabci ce, wato kaka, maganarka da daɗi, "bas, amma fa hannunta abu uku ya yi, kai ka yi minti biyar."

"Ke amarya, shekara sittin ina wannan aiki. Na san abin da take nufi."

"Ɗayyib, na ji. Ni abin da ta ce nake so. In ba zai samu ba, sai in cire ta, don ba zan sa fuskar mutum da maganar wani ba."

Yaya ta ja rigata tana tambayar me ya faru. Har na fara shirya mata amsa mai laushi, sai na fasa, na gaya mata yadda aka yi. Ta dube ni jim kaɗan, sa'an nan ta nuna mini kujerar da ke bayan na'ura. Na tashi na koma can. Sharaɗin shi ne kada in buɗe baki sai ta sauke hannu, kuma in faɗa da "ni", kamar ita ke magana.

Haka na zauna ina jin muryata tana faɗin abubuwan da ban sani ba. Cewa ɗinkin huluna da ta yi shekaru tana yi, ba ta taɓa sonsa ba. Cewa tana gane shigowar manyan motoci unguwa ta tafin ƙafarta. Sa'an nan ta zo kan wata mata da ta taɓa zuwa gidanmu tana neman yara kurame don a sa su makaranta, ina ɗan shekara goma sha uku. Na tuna ranar sarai. Hannunta ya sauka, kowa na jirana.

Na ce, "Ƙanena Usmanu ya gaya wa matar ba na so. Ni kuwa cewa na yi ya tambaye ta ko akwai 'yan mata irina a can."

Gaskiya ta faɗa. Na ji tsoro ne a lokacin kada a yi mata dariya a wurin da ba ni, sai na amsa abin da na ga ya fi mata.

Tun daga ranar nake juya tatsuniyar mai tukwane. Ina yaro nakan sa kaina cikin mutanen gari da suka ci geron, ko a wurin mai gari da ya gane daga baya. Ban taɓa neman kaina a wurin maƙwabcin ba, don ina ganin mai ƙauna ba ya zalunci. Yanzu na fahimci abin da ya sa Habboba ta ƙi a hukunta shi. Ba ta so mu ɗauka wani mugu ne can nesa. Ta san a cikin 'yan'uwa ake samunsa, kuma ina zaton ta san wanne ne daga cikinmu.

Da za su tafi, Jumana ta zo ta durƙusa gabana, idonta ya yi ja.

"Sidi, in kana so in yanke wancan wurin, zan yanke."

Na ce, "Ba ni za ki tambaya ba."

Ta juya wajen Yaya, na isar da tambayar yadda take, ban rage ba ban ƙara ba. Yaya ta ce a bar shi. Sa'an nan ta sa aka sake kunna na'ura, ta ƙara wata magana a kaina wadda ta fi waccan sauƙin ɗauka. Ba zan kawo ta a nan ba. Tana cikin fim ɗin, da hannunta.